Buhunan takin da suka ɓace a cikin kwamfuta

Ranar da Alhaji ya kira ni, bai ce min kwamfuta ta lalace ba. Cewa ya yi in zo in buga masa takardar da zai ajiye a gaban manajansa na Bokkos, don ya gaji da jin kame-kame. Mako na biyu na watan Yuni ne, damina ta kankama a Jos, dankalin turawa ya rufe kunya a gonaki, manoma na neman taki da maganin feshi kamar su yi hauka. Na same shi a ofishinsa da ke bayan babban sito, ba nisa da kasuwar Farin Gada, ya lulluɓe da babbar riga saboda sanyin safiya. Ya miƙo min wayarsa.

"Ɗana, duba nan. Tirela guda ta taki na tura masa a watan Mayu, ban da na Afrilu. Kwamfuta ta ce bai sayar da ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na tura yaro ya leƙa sitonsa, wayam. To ina kayan suka shiga?"

Alhaji abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa tun ina yaro. Sana'arsa sayar da kayan noma a sari: takin NPK da yuriya masu kilo 50, irin kayan lambu, magungunan feshi. Babban sito yana Jos, akwai reshe a Bukuru, ɗaya a Mangu, ɗaya a Bokkos, inda nan ne cibiyar noman dankali. Manajan Bokkos ɗin kuwa ya kusa shekara ashirin tare da shi. Na ce, "Baba, ka ba ni kwana uku kafin ka kira shi." Ya ce ya ba ni biyu.

Yadda aka gina abin

Ɗan ƙanwar Alhaji ne ya haɗa rahoton bayan ya gama jami'a, da manhajar Power BI ta kamfanin Microsoft. Yaron yana da kai, ba zan rage masa komai ba. Tsarin da ya yi mai sauƙi ne. Kowane reshe yana rubuta cinikin rana a Excel, ya turo fayil ɗin ga akanta ta WhatsApp, akanta ya zuba shi a wata folda a kwamfutar ofis. Cikin dare manhajar ta kwashi abin da ke foldar, ta tace, ta lissafa, da safe Alhaji ya buɗe waya ya ga kayan da suka fita da kuɗin da suka shigo da bashin da ake bi. Shekara guda abin yana tafiya lafiya, har Alhaji ya daina buɗe manyan littattafan nan masu jan bango. Sai aka kira yaron bautar ƙasa, ya tafi sansani a watan Mayu.

Abu na farko da na nema a fuskar rahoton shi ne inda aka rubuta ranar da aka sabunta shi na ƙarshe. Babu. Rahoto ne mai kyau, ga launuka, ga taswirar jihar Filato da ɗige-ɗige a kan rassan, amma babu abin da zai gaya wa mai kallo ko lissafin jiya yake gani ko na watan jiya. Akanta ya nemo kalmar sirrin yaron a bayan wata kalanda, muka shiga asusunsa, na buɗe tarihin sabuntawa. Rabon da bayanai su shiga tun tsakiyar Mayu, kwana biyu bayan an rubuta fitar tirelar nan zuwa Bokkos.

Dalilin ba wani mai zurfi ba ne. Rahoton yana zaune ne a intanet, a rumbun Microsoft, fayilolin kuma suna kwamfutar ofis. Abin da ke haɗa su wata ƙaramar manhaja ce da ake kira getwe, kamar ɗan aike tsakanin gida biyu. Ɗan aiken nan ba ya motsi sai kwamfutar da yake kai tana kunne kuma tana da intanet. Yaron ya sa sabuntawa ƙarfe biyu na dare, lokacin da babu mai taɓa kwamfutar, ya dogara da inbata. Batirin inbatar ya mutu a Mayu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, janareton Alhaji ba ya wuce la'asar. Dare na farko sabuntawa ta gaza, na biyu haka, na uku, na huɗu. Ƙa'idar Power BI ita ce idan aka gaza sau huɗu a jere, sai ta kashe jadawalin gaba ɗaya, ba za ta sake gwadawa ba sai mutum ya shiga ya kunna da hannunsa. Ta kuma aika saƙon gargaɗi, amma ga wanda ya mallaki bayanan kaɗai, wato imel ɗin yaron da ke can yana fareti.

Na ɗauka na gama. Na sa aka tada janareto, na kunna jadawalin, na sabunta da hannu. Lissafin Bukuru da Mangu ya daidaita da na littafin akanta. Na Bokkos ya ɗan motsa, amma har yanzu fiye da rabin takin babu labarinsa. A nan ne gabana ya faɗi, domin na fara tunanin ko Alhaji yana da gaskiya.

Kwanan wata

Da na buɗe cinikin Bokkos wata-wata, sai na ga abin da hankali ba zai ɗauka ba. An sayar da taki mai yawa ranar 4 ga Janairu, da 4 ga Fabrairu, da 4 ga Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, sai 'yan noman rani kaɗan. Afrilu kuwa, watan da ake shuka, ciniki na kwana uku kawai ya nuna. Wanda ya san Bokkos ya san wannan ƙarya ce. Ɓarawo ma ba zai tsara satarsa a kan ranar huɗu ga wata ba.

Na kira magatakardar reshen. Ta ce a ƙarshen Maris ruwa ya shiga kwamfutarta, tun daga nan a waya take rubuta ciniki, ta fitar da shi a matsayin fayil ɗin CSV ta turo. Wannan jimla ɗaya ita ce ta warware min rabin matsalar, kuma ta cancanci in tsaya a kanta, don na sha ganin irinta a ofisoshi da dama.

A cikin Excel, kwanan wata ba rubutu ba ne, lamba ce. Manhajar tana ƙirga kwanaki ne daga 1 ga Janairun 1900, saboda haka 1 ga Janairun 2025 a wurinta 45658 ne. Yadda take nuna maka shi, ko rana a gaba ko wata a gaba, riga ce kawai da aka sa wa lambar. Shi ya sa fayilolin Bukuru da Mangu ba su taɓa samun matsala ba: lambar ce ke tafiya, ba rigar ba. CSV kuwa rubutu ne tsantsa, babu wata lamba a ɓoye. Idan magatakarda ta rubuta 05/04, abin da zai isa Jos ke nan, sai wanda ya karɓa ya fassara. Mu a Najeriya rana muke fara rubutawa, wato 5 ga Afrilu. Amurkawa wata suke farawa da shi, wato 4 ga Mayu. Kwamfutar da yaron ya gina rahoton a kanta ta gwanjo ce daga Amurka, ba a taɓa canja mata saitin yanki ba, fayil ɗin rahoton kuma ya gaji wannan saitin tun ranar da aka ƙirƙire shi.

Sai a bi watan Afrilu a gani. Cinikin ranar 1 ya koma 4 ga Janairu. Na ranar 2 ya koma 4 ga Fabrairu. Haka har ranar 12 da ta koma 4 ga Disamba. Ranar 4 ce kaɗai ta tsaya a inda take, don 04/04 ta kowane gefe ɗaya ne. Daga ranar 13 zuwa 30 kuwa babu wata na sha uku, sai manhajar ta rubuta kuskure a gurbin kwanan. Yaron, yana cikin shirin tafiya, ya ga jajayen kurakurai sun hana rahoto lodi, sai ya danna maɓallin cire layukan da ke da kuskure. Kurakurai suka ɓace, rahoto ya yi fes. Cinikin kwana 18 na watan shuka ya tafi tare da su. Na kwana shida kuma, daga 7 zuwa 12, ya faɗa watannin Yuli zuwa Disamba da ba su zo ba tukuna, rahoton kuwa an saita shi ya nuna daga farkon shekara zuwa yau kawai. Cikin kwana 30, shida suka tsira, biyar daga ciki a watan da ba nasu ba. Mayu ma haka aka yi masa. Fitar kaya daga Jos kuwa akanta ne ke rubutawa a Excel, don haka kowane buhu da aka ɗora a mota yana nan daram a lissafi.

Gyaran bai kai minti goma ba. A cikin Power Query, sashen da ke tace bayanai kafin su shiga rahoto, kowane mataki da aka ɗauka yana jere a gefen dama. Na goge matakin cire kurakurai, na goge wanda ya mai da rubutun kwanan wata, na sake yin sa ta hanyar da ake zaɓar yanki, na zaɓi Turancin Najeriya. Na Ingila ma yana yi. Amfanin yin haka a kan shi ginshiƙin kansa, maimakon a saitin kwamfuta, shi ne umarnin yana shiga cikin matakin, duk kwamfutar da aka buɗe fayil ɗin a kanta fassara ɗaya za ta yi. Ita kuma magatakarda na roƙe ta ta koma rubuta shekara, wata, rana, kamar 2025-04-05, wanda babu ƙasar da ke karanta shi ta wata fuska.

Maɓallin nan na cire kurakurai, da ina da iko da na sa an rubuta gargaɗi a jikinsa. A lissafin kuɗi da kaya ba a share layi don ya ƙi shiga. Akwai ɗan'uwansa da ke yin akasin haka, ya ware layukan da ke da kuskure kaɗai. Da shi na yi shafi na musamman a rahoton, na sa masa suna "Waɗanda suka ƙi shiga". Idan shafin babu komai, alhamdu lillahi. Idan akwai, akanta ya ɗaga waya. Wani abin da ke ruɗar mutane kuma shi ne, awon ingancin ginshiƙi da Power Query ke nunawa a sama layuka 1,000 na farko kawai yake dubawa, sai an danna can ƙasa an ce ya duba duka. Nau'in bayanai kuma, wato ko lamba ce ko rubutu ko kwanan wata, daga layuka 200 na farko yake hasashensa. Mutum zai ga kore shar ya ɗauka lafiya, alhali ɓarnar tana layi na dubu uku.

Sunaye da bashi

Da cinikin ya dawo, giɓin takin ya ragu ƙwarai. Amma akwai zargi na biyu da Alhaji ya riƙe: bashin da manoman Bokkos ke ɗauke da shi ya yi tsalle, har yana cewa manajan yana rabon dukiyarsa kamar zakka.

Nan ma CSV ɗin yana da hannu, ta wata ƙofar. Wayar magatakarda tana da allon rubutun Hausa, tana rubuta ɗ da ƙ da ɓ yadda ya kamata, abin da ya burge ni. Wayar tana ajiye su da tsarin ajiye haruffa da ake kira UTF-8. Kwamfutar Jos kuma tana karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows mai lamba 1252, wanda bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Sai Ɗanladi ya koma ÆŠanladi, kowace ƙ ta koma Æ™. Maganin wannan zaɓi ɗaya ne a matakin farko na shigo da fayil: a canja asalin fayil daga 1252 zuwa 65001, lambar UTF-8 ke nan. Duk mai aiki da sunayen Hausawa ya haddace lambar nan.

Babbar ɓarnar dai a haɗa tebur take. Yaron ya haɗa teburin bashi da teburin kwastomomi ta hanyar suna. A Filato kuwa Ɗanladi da Ɗanjuma da Ɗan'asabe ba na Hausawa kaɗai ba ne, ƙabilu da yawa suna sa su, Musulmi da Kirista. A jerin kwastomomin akwai mutum biyu masu suna ɗaya harafi da harafi, akwai ma inda suka kai uku. Idan aka haɗa tebur da sunan da ya maimaitu, manhajar ba ta tambayar wanne ake nufi. Layin bashin take kwafa ta ba kowannensu. Buhu goma ya zama ashirin, ko talatin. A ɗaya gefen kuma, mutum guda da aka rubuta shi Ɗanladi yau, Danladi gobe, Dan Ladi jibi, ya zama mutum uku: ya ci bashi da suna ɗaya, ya biya da wani, bashin yana nan ba a goge ba. Power Query har babban baƙi da ƙarami yana bambantawa wajen haɗawa.

Akanta ya ce to a yi amfani da lambar waya. Na duba, ita ma an mai da ita lambar lissafi, sifirin farko ya faɗi, lamba 11 ta koma 10. Wannan mai sauƙin gyara ne, a mai da ginshiƙin rubutu tun kafin komai. Ƙa'idata ita ce duk lambar da ba za a tara ta da wata ba, kamar ta waya ko NIN ko ta asusun banki, rubutu ce. Excel ma ba ya riƙe fiye da lambobi 15, abin da ya haura sai ya mai da shi sifiri. Amma ko an gyara, lambar waya ba ta isa shaida ba a ƙauye, inda gida guda ke amfani da waya ɗaya, mutum kuma ya canja layi sau biyu a shekara. Sai muka ba kowane kwastoma lambarsa ta kamfani, harafin reshe biyu da lamba huɗu, aka buga a ɗan kati. Wannan aikin ba na kwamfuta ba ne. Sai da aka zauna da wanda ya san mutanen ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan na Maikatako ne, wancan ɗan gidan wane ne. Wanda ya san su kuwa shi ne manajan da ake shirin kora.

Daga nan na koya wa akanta wata al'ada da ba ta buƙatar ilimin manhaja: kafin haɗa tebur a ƙirga layuka a tara kuɗi, bayan haɗawa a sake. Idan layuka sun ƙaru, an yi kwafi. Idan sun ragu, an yi asara. Na sa wannan awon a shafin farko na rahoton, jimillar da ke cikin fayilolin rassa a hagu, wadda ta iso rahoto a dama, bambancinsu a tsakiya. In ba sifiri ba ne, akwatin ya yi ja.

Wa ke da mabuɗi

Kwana biyun Alhaji sun cika ina kan wannan. Na je na ce masa, "Baba, mafi yawan takin an sayar da shi, kuɗin ma yana banki. Kwamfuta ce ta haɗiye lissafin." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mafi yawa ka ce. Saura fa?" Na ce sai na je Bokkos. Kafin nan kuma akwai abin da ya fi takin tayar min da hankali.

Na tambaye shi yadda yake buɗe rahoton a waya ba tare da kalmar sirri ba. Ya nuna min wani linki a zauren WhatsApp na ma'aikata. Yaron, don ya rage wa kawunsa kuɗin lasisi, ya yi amfani da hanyar wallafa rahoto a buɗaɗɗen intanet. An yi wannan hanya ne don abin da ake so duniya ta gani, kamar alƙaluman da hukuma ke sakawa a shafinta. Duk wanda linkin ya faɗa hannunsa zai buɗe, ba a tambayarsa ko shi waye, injinan bincike ma suna iya tsinto shi. A cikin rahoton kuwa akwai sunayen manoma da lambobin wayarsu da bashin da ke kan kowa, ga farashin da Alhaji ke saro kaya. A zauren akwai direbobi, akwai mutum biyu da suka bar aiki, ɗaya ma ya buɗe shagonsa a Bukuru. Ban da kunya da asarar sirrin kasuwa, akwai doka. Tun watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, da hukumar da ke kula da ita, kuma ɗan kasuwan da ya tara bayanan mutane yana cikin waɗanda ta ɗora wa nauyi. A daren na shiga sashen gudanarwa na goge linkin, na kashe damar yin irinsa gaba ɗaya.

Sauran gyaran na mallaka ne. Komai yana cikin keɓaɓɓen wurin aikin yaron: rahoto, bayanai, jadawali, getwe. Da asusunsa ya rufe, da an rasa duka. Na buɗe wurin aiki na kamfani, na mai da komai can, na sa mutum biyu a matsayin masu gudanarwa, akanta da babban ɗan Alhaji, don kada tafiyar mutum ɗaya ta sake tsayar da lissafi. Saƙon gazawar sabuntawa yanzu yana zuwa ga su biyun. Foldar fayiloli na ɗauke ta daga kwamfutar ofis na mai da ita SharePoint, wurin ajiyar fayiloli na Microsoft, wanda shi ma a intanet yake, don haka babu sauran buƙatar getwe, ko an ɗauke wuta kwana uku rahoto zai sabunta kansa. Lasisin da suke da shi yana ba da damar sabuntawa sau takwas a rana, amma sau biyu na sa, bakwai na safe da bayan magariba, tunda rassa sau ɗaya suke turo fayil. Na kuma rubuta ranar sabuntawa da lokacinta da manyan baƙaƙe a saman kowane shafi. Ƙaramin abin lura a nan: agogon rumbun Microsoft yana bin lokacin UTC ne, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma muna gabansa da awa ɗaya duk shekara, don haka sai an ƙara awar, in ba haka ba tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya na dare rahoton zai ce "yau" alhali jiya yake nufi.

Na so kowane manaja ya samu asusunsa, ya riƙa ganin reshensa kaɗai. Manhajar tana da wannan tsari na taƙaita layukan da kowa zai gani, sai dai yana aiki ne a kan wanda aka ba matsayin mai kallo kawai. Wanda aka ba damar gyara a wurin aiki yana ganin komai, kuskuren da mutane da yawa ke yi ke nan. Da na gaya wa Alhaji lasisin mutum ɗaya dala 14 ne a wata tun Afrilun 2025, ya buga lissafi da canjin ranar, ya ce manajoji su yi haƙuri. Aka tsaya a kan lasisi uku, akanta ya riƙa fitar wa kowane reshe shafinsa a PDF ranar Asabar. Ban yi gardama ba. In don ta ni ne ma, kasuwanci irin wannan Excel ya ishe shi, tunda shi ma yana da Power Query a ciki, shafi guda yana ɗaukar layuka 1,048,576, cinikin Alhaji na shekara goma ba zai cika shi ba. Amma Alhaji ya saba da duba waya bayan sallar asuba, ba ni zan raba shi da ita ba.

Bokkos

Ranar Alhamis muka kama hanya ni da akanta, ta Bukuru da Barikin Ladi, ana yayyafi. Manajan ya riga ya ji ƙishin-ƙishin, don yaron da aka tura leƙen sito bai iya bakinsa ba. Ya karɓe mu da fara'a daidai gwargwado, ya sa aka kawo shayi. Na buɗe kwamfuta na nuna masa yadda cinikinsa na Afrilu ya watse cikin shekara. Ya daɗe yana kallon 4 ga Disamba, sannan ya ce, "Wato na sayar da taki a watan da bai zo ba." Bai yi dariya ba.

Muka kwana biyu muna tantance sunaye. Da aka gama, aka cire kwafi, aka haɗa masu suna uku, sai buhu arba'in da 'yan kai na yuriya suka rage, babu su a ciniki, babu su a bashi, babu su a sito. Na ce, "Malam, wannan kam ba daga kwamfuta ba ne." Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani ɗan littafi da ya sha jiki, an ɗaure shi da roba. Sunayen manoma ne da ya ba taki sai an haƙi dankali su biya, galibinsu tsofaffin abokan hulɗa da zawarawa. Ya ce Alhaji da bakinsa ya ba shi izinin haka tun shekarun baya, ba a taɓa janyewa ba. Bai sa a fayil ba saboda fayil ɗin gida biyu gare shi, an biya ko ana bin bashi na wata guda, wanda ya wuce wata kuma rahoto yana sa masa ja, akanta ya fara kira. Shi kuwa ba zai bari a riƙa kiran waɗannan mutane a watan Yuni ba, lokacin da ko na cefane ba su da shi.

Na kira Alhaji daga nan, na karanta masa. Ya yi jim, ya ce, "Na tuna. Ba shi wayar." Manajan ya fita da ita waje, ban ji abin da suka faɗa ba, amma sun fi minti ashirin.

Kafin mu taso na ƙara gida na uku a fayil ɗin, na sa masa suna "bashin kaka", da gurbin watan da ake sa ran biya, ba ya yin ja sai watan ya wuce. Magatakarda ta zauna ta kwafe littafin layi-layi, manajan yana karanto mata, yana gyara mata inda ta sa wa mutum ƙauyen da ba nasa ba. Da suka gama ya mai da robar, ya mai da littafin aljihu. Akanta ya ce masa ai yanzu ba ya buƙatarsa. Ya ce ya ji, amma a bar masa kayansa.